Yakuwar Tankari a Panyu

Duk Bahaushen da ya sha miyar yakuwa a Guangzhou cikin shekarun nan, ko a gidan abinci ko a ɗakin wani ɗan'uwa, akwai gumin Tankari a cikin kwanon. Na faɗi haka ne da bakin da ya fi kowa yi masa dariya a farko.

Tankari mutumin wani ƙauye ne a arewacin Maraɗi. Ni Bakano ne, fataucin takalma ya kawo ni ƙasar Sin, shi kuma aikin lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. A nan muka saba. Shekararsa shida yana wannan aiki kafin ya ɗauko matarsa Habsatou, suka kama gida can ƙarshen Panyu, a bayan birnin Guangzhou, inda masana'antu suka ƙare, gonakin kayan lambu suka fara. Ba baƙin mutum ko ɗaya a wurin. Wata tsohuwa 'yar ƙasar, wadda suke kira Ayi, ta ba su hayar wani ɗan fili a gefen nata.

Ranar da ya gaya mini, cewa na yi, "Kowa ya zo Sin neman kaya, kai ka zo neman fartanya?"

Ya ce, "Alhaji, ba ka gane ba. Iri gare ni."

Irin yakuwa ne na mahaifiyarsa, mai faɗin ganye da tsami, wanda ta shekara arba'in tana zaɓa daga gonarta. Ta ƙulla masa a tsumma wata biyu kafin rasuwarta. Bai cika gwangwanin madara biyu ba, kuma shi ne duk gadon da ya karɓa.

To, a garinsu ruwa abin lallashi ne. Ubansa ya koya masa a haƙa ƙananan ramuka, a zuba taki, a shuka a ciki, domin ɗan abin da sama ta zubo ya taru kada ya gudu. Haka Tankari ya yi a Panyu, rami bayan rami, tsaf kamar an auna. Ayi ta tsaya tana girgiza kai, tana nuna sama, tana nuna gonarta mai dogayen kunyoyi da magudanai. Ya yi mata godiya da ɗan Sinancinsa, ya ci gaba da haƙa. Baƙo makahon gari ne, amma Tankari ya haɗa da taurin kai.

Aka shiga watan Mayu, sama ta buɗe. Kwana tara ana zuba ruwa. Da na je duba shi, gonar ta zama tafki, har da kwaɗi. Rabin irin ya ruɓe a cikin ramukan.

Ya sake shukawa da rabin abin da ya rage, a ramukan dai, ya ce wancan ruwan tsautsayi ne. Wannan ma ruwa ya cinye. Saura abin da bai cika tafin hannu ba.

Raina ya ɓaci, na ce masa, "Kai wane irin mutum ne? In kiɗa ya canza, ai rawa ma canzawa take. Haƙa magudana mana!"

Ya dubi ramukan. Sannan ya ce, "Alhaji, tun ina yaro muke fita roƙon ruwa. Na ga tsohona yana kuka saboda hadari ya taso ya watse. Yau Allah ya ba ni, in ɗauki hauya in kore shi? Hannuna ba ya iyawa."

Ashe ba wauta ba ce, kunyar Ubangiji yake ji.

Habsatou ce ta raba gardamar. Wata safiya bayan ya tafi Huangpu, ta ari fartanyar Ayi, su biyu suka shiga taɓo. Ɗaya ba ta jin Hausa, ɗaya ba ta jin Sinanci, amma kafin la'asar sun tada kunyoyi huɗu har gwiwa, sun fasa wa ruwan hanya zuwa rafi. Da ya dawo ya gani, ta riga shi magana.

"Maigida, ba korar shi na yi ba. Rafin nan gonakin wasu yake shayarwa. Mun sha, mun miƙa gaba."

Ya tsaya yana kallon ruwan yana gangarawa. Can ya shiga ɗaki ya kwance tsumman. Da hannunsa ya shuka sauran a kan kunya, ƙwaya ɗaiɗai.

Ashirin da uku suka tsiro. Bai bari an tsinki ganye ko ɗaya ba a shekarar, duk iri ya bar su suka yi. Yanzu shekara bakwai ke nan. Filin ya ninka uku, an ƙara kuɓewa da lalo, Habsatou na daka daddawar batso wadda warinta ya sa Ayi ta yi kwana biyu tana toshe hanci kafin ta ɗanɗana. Mutanen Kano da na Yamai sukan hau jirgin ƙasa tun daga wajen unguwar Liuhua a cikin birni su zo saye, wasu kuma don kawai su tsaya cikin ganyen su yi numfashi.

Bara ƙaninsa Abdoulaziz ya bugo waya daga ƙauye, ina zaune a gidan Tankari. Damina biyu ta yi musu gardama, irin mahaifiyarsu ya ƙare a gida gaba ɗaya, har wajen maƙwabta. Yana tambaya ko da saura.

Tankari ya dubi buhunan irin da ke jingine a bango, ya share ido da bayan hannu.

Ya ce, "Akwai. Ka faɗa wa kowa akwai."