Babur ɗin Kawu Mai Ƙafa Huɗu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya ranar Alhamis ɗin da ta wuce, ni da wani abokina bakanike da ke gyaran babura a unguwarmu. Saƙo ne ya iso mini daga Kawu, ƙanen mahaifiyata, ta bakin wani direban motar tumatir. Wai babur ɗinsa ya ƙi tashi, ga shi ranar Alhamis za a sako wa sashensu ruwan noman rani, in zo masa da mai gyara ko da goyo ne.

Babur ɗin nan ba irin wanda kuka saba gani ba ne. Ƙafa huɗu gare shi, tayoyi ɓul-ɓul kamar kabewa, da ɗan amalanke da ake ɗaura masa a baya. Kawu ya saye shi ne a hannun wani Bature da ya gama aikin kanal zai koma ƙasarsu. Sai da ya sayar da jakunansa kafin kuɗin su cika, kuma tun daga ranar babu mai jaki a ƙauyen da ya tsira daga bakinsa. Da ya hango mutum yana kora jaki sai ya ce, "Sannu da tafiyar hawainiya!"

A tasha muka tarar da layi miƙe sambal, tunda sojoji sun koya mana bin layi ko ba ma so. Muka samu ƙaramar bas kiya-kiya ta hanyar Zariya, aka cusa mu a baya da buhunan taki, jakar sifanun abokina tana sukata a haƙarƙari har Kwanar Dawaki. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara, da na yi magana yaron mota ya ce in je in tambayi masu sayar da taya. A Kura muka karya da koko da ƙosai masu zafi a bakin titi, kusa da wasu marina da hannayensu suka rine shuɗi har gwiwar hannu. Ƙosan Kura ya fi na birni girma, wannan kam na shaida.

Daga nan sai akori-kura ta hanyar Bunkure. Duk wanda bai ga yankin nan ba tun da aka kawo ruwan madatsar Tiga, ba zai gane shi ba. Damina ta wuce, amma ko'ina kore shar, ga albasa, ga rake, ga karmamin shinkafa an tara. Kanal cike da ruwa yana bin gefen hanya, mutane sai sauri suke da fartanya a kafaɗa, ko gaisuwa a tsaitsaye ake yi. Ranar ruwa manomin rani ba ya da aboki.

Muna shiga gidan Kawu na ga aika-aikar da ya yi. Saboda tsabar yarda da bakaniken birni, tun da sassafe ya sa an tuge irin tumatir ɗinsa kaf daga inda ya rene shi a bayan gida. Ga shi nan kwando-kwando a gindin mangwaro, an rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Gonar kuwa tana can ƙarshen kanal, tafiya ce mai nisa a kan siririyar hanyar da mota ba ta bi. In ba a dasa shi yau cikin laima ba, sai wani makon ruwa zai dawo, kuma irin da aka tuge ba ya jiran mako. Noman Kawu na bana gaba ɗaya shi ne a kwandunan nan.

Abokina ya tuɓe riga ya durƙusa. Ya leƙa tanki, akwai fetur. Ya duba baƙin mai, lafiya lau. Ya ja igiyar tayarwa, injin ya yi tari ɓut-ɓut ya yi shiru. Ya kwance fulogi ya goge, ya ce in riƙe masa a jikin ƙarfe ya ga ko akwai wuta. Akwai wuta, jama'a. Ni ne shaida, don sai da na yi tsalle na ambaci sunan kakata. Ya kwance kafireto ya wanke da fetur, ya busa kowace ƙofa da bakinsa, ya mayar. Ɓut-ɓut, shiru.

Kafin hantsi tsofaffin da ba sa iya zuwa gona sun kewaye mu, kowa da nasa ilimin. Wani ya ce fetur ɗin yanzu rabinsa ruwa ne. Wani ya ce abin Bature ne, sai an yi masa magana da Turanci, aka juyo ana kallona. Wani dattijo mai carbi ya ce shi dai a saninsa jaki bai taɓa ƙin tashi don fulogi ba. Aka kwashe da dariya, Kawu ya yi kamar bai ji ba. Muka tura babur ɗin har bakin masallaci muka dawo da shi, muka ja igiya har tafin hannuna ya yi kanta. Aka aika neman aron jaki, duk suna gona.

Da azahar na ɗaga buhu na leƙa. Ganyen ya fara langaɓewa. Kawu ya tsuguna yana yayyafa ruwa da hannu. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ga shi yana bin kwanduna ɗaya bayan ɗaya. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ana cikin haka sai ga Inna, matar Kawu, ta dawo daga suna a Bunkure, inda ta kwana biyu. Ta dubi ƙarafan da aka baje a tabarma, ta dube mu.

"Sannunku da aiki. Ɗan nan, kun dai cire totuwar ko?"

"Wace totuwa, Inna?"

"Ta bututun hayaƙin mana. Zanzaro na gani yana shiga da laka zai yi gini, na toshe."

Kawu ya miƙe tsaye. "Ke! Wa ya ce ki taɓa mini inji?"

"Malam, bakin tulu totuwa, butar kananzir totuwa, bututun ban-ruwanka ma kai da kanka kake toshewa da ita. Wannan ɗin ɗan gidan wa ne?"

Ashe totuwar masarar ta yi wa bututun ƙanƙanta, sai Inna ta naɗe ta da tsumma ta tura can ciki da muciya, yadda ko an leƙa ba a gani. Abokina ya lanƙwasa waya ya zaƙulo rabi, sauran ya maƙale. Na durƙusa ina leƙen ramin, shi kuwa bai san ina wurin ba ya fizgi igiya. Injin ya yi wata irin ƙara, guntun totuwa ya fito kamar harsashi ya same ni a tsakiyar goshi, baƙin hayaƙi ya bi bayansa. Tsofaffi suka yi kabbara, kaji suka watse. Babu wanda ya ce mini sannu.

Muka loda kwanduna, Kawu a gaba babbar riga tana tashi, mu a amalanke muna rungume da iri muna salati a kowane kwalbati. Mun isa ruwa ya fara ja baya. Muka shiga laka har idon sawu muka hau dashe, amma da aka zazzage kwandunan ƙasa, irin ya riga ya dahu da zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kawu ya tsaya yana kallon fangulan dashen da za su kwana babu komai.

Can sai ga maƙwabcin gonarsa, wanda ya fi kowa shan ba'ar hawainiya, ya koro jakinsa da mangala cike da ragowar irinsa. Ya sauke a gaban Kawu ya ce, "Ga shi, Malam. Hawainiya ce ta kawo, a yi haƙuri da jinkiri." Kawu ya kama hannunsa ya riƙe. Tare da shi da 'ya'yansa muka ƙarasa dashen kafin magariba.

Washegari da za mu tafi na tarar Kawu ya sami sabuwar totuwa, ya ɗaure ta da jan zare, ya ƙulla zaren a hannun igiyar tayarwa, yadda ba mai ja sai ya cire. Zanzaro dai gaskiya ne, in ji shi. Inna ta cika mana jaka da albasa da rake.

Mun iso Kano kafin sallar Juma'a, ni da ƙulu a goshi, abokina yana roƙona kada labarin ya kai garejinsu. Abin da na koyo shi ne, kafin ka kwance inji ka fara tambayar mutanen gida abin da suka yi masa. Kawu ma ya koyi nasa. Lokacin da ya ɗauko mu a babur zai kai mu bakin titi, da ya hango mai jaki, sai da ya rage gudu ya ɗaga masa hannu biyu, har muka kusa faɗawa kanal.