Abin Da Muka Tarar A Ƙarƙashin Kitson Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Na san shirun nawa ya yi yawa. Masu tambaya ko wayata ce ta faɗa rijiya, waya tana nan lafiya, ni ce ba ni da bakin magana.

Hanifa ce ba lafiya, 'yata mai shekara huɗu. Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi, shi ya sa na iya zama in rubuta.

Tun askin suna aska ba ta sake hawa kanta ba. Gashi har gadon baya, ni kuwa uwar nawa da ƙyar makitsiya ke kamo shi.

Yayata Asabe, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ke mata kitso. Tana aure a Safana, kuma tana haɗa man gashi tana sayarwa a 'yan kwalabe. Da wani biki ya taso a gidansu ta ce in kai mata Hanifa su kwana biyu. Kun san halin da hanya take ciki tsakanin garinmu Batsari da Safana, amma na kai ta da ƙafata. Wa zan ba amanar 'yata in ba Yaya ba?

Ta dawo da ƙananan kitso an ja su tamau, an naɗe a tsakiyar kai. Yaya ta ja mini kunne kar in kwance, wai sabon mai ta shafa mata, sai ya zauna yake aiki.

Sai susa ta fara. Na ce kwarkwata ce.

Sai zazzaɓi. Babanta ya karɓo maganin maleriya a kemis, ta shanye tas, jiki bai sauka ba. Kaluluwa ta fito mata a bayan kunne. Yarinyar da ba ta barin kowa ya huta da surutu ta koma kwanciya rub da ciki, ba ta yarda kanta ya taɓa filo.

Warin da ya fara fitowa daga kanta ne ya tashe ni tsaye.

A asibiti aka ba mu gado, aka ɗebi jini, aka sa mata ƙarin ruwa. Likita ya ɗan danna tsakiyar kan, ta ƙwalla ƙarar da har yau nake ji. Ya ce ciwo ne a ƙarƙashi, kuma ba yadda za a wanke shi sai an aske gashin duka.

Na ce ko za a rage kaɗan a bar saura. Ya dube ni ya ce, "Maman Hanifa, gashin kike so ko yarinyar?"

Duk da haka sai da na fita baranda na kira Yaya, don ban saba yanke shawara ba da ita ba.

"Kar ki yarda," in ji ta. "Wa ke aske ɗiya mace? Ki ɗauko ta ki kawo mini, ina da maganin shi."

Har kuka ta yi. Wallahi na koma ciki da niyyar naɗe tabarmarmu. Babanta, mahauci ne, ba ya son doguwar magana, ya ce shi dai warin nan bai kwanta masa ba, amma ni na haife ta, in zaɓa.

Na dubi yarinya, ido a rufe, leɓe ya bushe. Na ce a aske.

Ni na riƙe ta, nas tana bi da almakashi. Da ta kai naɗin tsakiya sai ta tsaya. Auduga ce a manne da fata, ta yi baƙi, an barbaɗa garin kafso a kai. Wato wani ya ga ciwon da idonsa, ya rufe shi, ya yi kitso a kansa.

Nas ta yi mini kallon da ba zan manta ba, ta tambaye ni wa ya sa wannan. Kafin in buɗe baki Hanifa ta ce, "Inna Asabe ce. Ta ce in na gaya wa Mama gashina zai zube."



Likita ya ce mai yiwuwa akwai sinadarin miƙar da gashin manya a man, shi ya ƙona fatar, kitso ya rufe, ciwo ya yi mugunya har ya fara shiga jini.

Kullum da safe wankin ciwo, kullum allurai. Tunkiyar da nake kiwo ta tafi a kuɗin magani, ban ji zafinta ba. Abin da ke ci na shi ne muryar Yaya a waya. Ta san abin da ke ƙarƙashin kitson nan lokacin da take cewa in ɗauko ta daga asibiti.

Ba ta zo dubiya ba. Saƙo ta aiko, wai kuskure ne, in rufa mata asiri saboda kasuwarta. Dangi suna ta ce mini in yi haƙuri, 'yar'uwa ce. Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

An sallame mu. Hanifa tana ci tana wasa, surutu ya dawo har ya yi yawa. Gashi ya fara tsirowa, sai wuri ɗaya kamar tafin hannunta da likita ya ce ƙila ba zai fito ba. Ita ko a jikinta, tana shafa kai tana cewa ta zama Baba mai ƙwal kwabo.

Na gode wa Allah. Na gode wa likita da nas ɗin nan, da maƙwabtan da suka yi ta kawo mana kunu. Allah ya saka da alheri.

Iyaye mata, in yaro yana susa da zazzaɓi, ku kwance kitso ku duba fatar da idonku, ko wa ya yi shi. Kar ku shafa wa yaro man da ba ku san abin da ke ciki ba. In likita ya ce a aske, ku aske.

Makon jiya wata maƙwabciya ta dawo daga kasuwa da sabuwar kwalbar man Yaya. An manna hoton yarinya mai gashi har baya, ranar bikin aka ɗauka.

In kun ci karo da ita, kar ku saya. 'Yata ce a jiki, kuma gashin da kuke gani babanta ya binne shi a gona.