Wannan Ba Shi da Ido

Mahaifina maharbi ne, kuma ba ƙaramin maharbi ba. A ƙauyenmu idan aka ji ƙarar bindigarsa adaka daga fadama, mahaifiyata takan fara wanke tukunya tun bai iso ba. Ina da shekara goma sha huɗu ya kai ni bayan gida, ya kafa sakaina a kan kututture, ya ɗura bindiga ya miƙo mini. Na harba, hayaƙi ya washe, sakaina tana nan daram. Washegari ma haka. A rana ta uku ya karɓi bindigarsa, ya goge bakinta da gefen riga, ya ce da mahaifiyata, ba faɗa ba tsawa: "Wannan ba shi da ido. A bar shi da bokonsa." Bindiga ta koma hannun ƙanena, ni kuma boko ya yi ta ja na har ya dire ni a New York, ina aikin fassara a wani ofishi.

Ba zan ce na yi asara ba. Ina da mata da 'ya'ya, ina da ɗan gida a St. George, kullum da safe in shiga jirgin ruwa in haye zuwa Manhattan ina shan iska kyauta. Amma maganar nan ta ƙi fita daga raina. Mahaifina ya rasu bai janye ta ba, ni kuma na kai shekara hamsin da huɗu ina jin ta duk lokacin da na jefa takarda a kwandon shara ta faɗi gefe.

Abin da ya ja mini shi ne bakina. Ranar Asabar muna da majalisa a shagon wani tela a titi na 116, inda ake shan shayi ana gyara duniya. Ni ne mai labarin farauta. Da farko labarin mahaifina nake bayarwa tsakani da Allah, sannu a hankali na fara tsoma kaina a ciki. "Ya harbo" ta zama "muka harbo", har wata rana na ji bakina ya ce "na harbo", kuma ban gyara ba. A cikinmu akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, tsohon soja ne a ƙasarsu, yanzu yana gadin wani dogon bene. Ba ya yawan magana. Ran nan ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"To, ɗan mahalbi," in ji shi, "ni duk wata ina tahiya wurin halbi. Ka nemi permis, mu tahi tare mu gani."

Mutum tara ne a shagon, duk suka zuba mini ido. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne.

Neman izinin mallakar bindiga a garin nan ba wasa ba ne. Na cika takardu, aka ɗauki hoton yatsuna, aka yi tambayoyi, na yi wata da watanni ina jira. Ba zan ɓoye muku ba, a raina na yi fatan a hana ni, in samu abin faɗa a majalisa. Sai ga izini ya fito. Da na nuna wa matata, ta karanta shi tsaf, ta cire tabarau.

"Malam, kai da ko makulli aka jefo maka sai ya sha ƙasa? Allah ya kiyaye maƙwabta."

Tsohon Soja ne ya raka ni na zaɓo bindigar. Mai ƙaramin harsashi ce, irin ta harbin takarda, gindinta na katako mai sheƙi, tana ƙanshin mai. A gefenta na dama akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙulli da nake kira sakata, don aikinsu ɗaya da ta ƙofa: ka ɗaga, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shige, ka kwantar. Na so a ɗora mini madubin hangen nesa, Soja ya hana, ya ce sai na koyi saiti da ƙarfen da ke kanta tukuna. A gida na kulle ta a akwatin ƙarfe. Ranar Lahadi da rana nakan fito da ita ba harsashi, in yi ta ɗaga sakata ina kwantarwa, ƙwas-ƙwas, har matata ta ce in tausaya wa kunnenta.

Ranar da muka sa, Soja ya zo da motarsa da hantsi. Bindiga a kulle a bayan mota, harsashi a wata jaka daban, kamar yadda doka ta ce. A wurin harbin aka ba mu abin toshe kunne da tabarau, wani tsohon Bature mai kula da wurin ya karanta mana ƙa'idoji. Tebura ne a jere, kowa da jakar yashi ta ɗora bindiga, can gaba yadi hamsin kuma takardu ne masu baƙin da'ira a tsakiya. Na zauna, na yi bisimilla, na kafa gindin bindiga a kafaɗar dama, na ja kunama. Sau biyar na yi haka, kuma ni a jina kowanne ya tafi daidai.

Soja ya leƙa ta madubinsa na hango takarda ya daɗe. Sannan ya ce, "Takarda taka sabuwa hul, ana iya maida ta kanti."

Wata Baturiya mai furfura da ke teburin hagu da ni ta ɗago kai daga nata madubin. Ta ce ita dai biyar ta harba, ga shi tana ganin huji shida. Ta yi murmushi ta ce ta gode da gudummawa, amma ta zo da harsashinta.

Na ce sabuwar bindiga ce, ƙila ba a daidaita ta ba. Soja bai yi musu ba. Ya zauna a kujerata, ya saki uku, duk suka shige baƙin nan kusa da juna. Ya tashi ya ce, "Bindiga lahiya lau take." Na ƙara goma sha biyar. Biyu suka taɓa gefen takarda ta hagu, sauran Allah kaɗai ya san inda suka kwana. Gumi ya jiƙa mini riga ko da yake wurin da sanyi. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro, kuma na ji baƙin ciki, don na gane ba majalisa ce ta kawo ni wurin nan ba. Na zo ne in ƙaryata mahaifina, ga shi takarda ta gaskata shi.

Na buɗe sakata, na ajiye bindiga, muka koma bayan layi. Na ce, "Yallaɓai, gaskiya ɗaya ce. Ko zomo ban taɓa harbowa ba. Babana ya faɗa tun ina yaro, ba ni da ido."

Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce, "Wannan na sani tun ranar da ka ce ka halbo gada da gudu. Abin da ban gane ba, mi ya sa kake laƙwasa wuya kana ƙetare bindiga da kai? Haɗa hannuwanka haka, ka bar 'yar kafa a tsakiya. Miƙe su. Bon, dubi hancina ta cikin kafar."

Na duba. Ya kyaɓe baki ya gyaɗa kai.

"Voilà. Idon hagu nike gani. Kai bahago ne."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce ni da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake gaisawa, a gidan mutunci na tashi. Ina cikin wannan bayani, ban ankara ba, ya wurgo mini makullin motarsa. Kafin in yi tunani na ji shi a tafina, caraf. Na duba, hannun hagu ne ya cafe. Na tsaya ina kallon hannun nan kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

Soja ya yi mini bayani a taƙaice. Kowane mutum yana da idon da ke jagora. Nawa na hagu ne, ni kuma ina kafa bindiga a dama, sai idanun biyu su yi ta jayayya a kan saiti, harsashi ya bi inda ya ga dama. Ya ce in mayar da ita kafaɗar hagu. Hannun da aka hana ni miƙa wa babba, hannun da ko kuɗin cefane ba na karɓa da shi, shi zan ɗora a kan kunama? Soja ya ce, "Ba tuwo za ka ci ba, Malam. Zamna."

Na zauna. Kumatuna ya kwanta a kan katakon ba tare da na murɗa wuya ba. Ƙarfen saiti na gaba ya fito fes, baƙin da'irar ya zauna a kansa ya daina rawa. Na saki numfashi rabi, na matsa kunama a hankali. Da yake bindigar tana kan jakar yashi, hannun dama ya samu aikin da ya dace da shi, shi ke jan sakata. Na harba biyar. Soja ya leƙa, ya matsa ya ba ni madubin. Huji biyar ne, duk a cikin baƙi, tafin hannu zai rufe su. Baturiyar nan ta ɗaga mini babban yatsa. Ni kuwa dariya ta kama ni, har da hawaye, na rasa na mene ne.

Bayan Asabar uku ina zuwa, na samu takardar da marfin kwalba zai rufe hujinta biyar. A majalisa na faɗi gaskiya da bakina, aka yi mini tsiya ta rabin awa, aka kuma sa mini suna Bahagon Maharbi. Matata ta manna takardar a jikin firiji, ta ce ta janye maganar maƙwabta, amma ta makulli sai ta gwada da kanta.

Ranar Lahadi da safe na kira ƙanena ta waya mai hoto, na ce ya kai wa mahaifiyarmu. Tana zaune a tabarma a tsakar gida, can la'asar ta yi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika kallona kai tsaye ba. Bayan gaisuwa na ɗaga takardar, na ba ta labari tun daga makulli har zuwa kafaɗar hagu. Ƙanena yana ta dariya har wayar tana girgiza, yana cewa ko me zan harbo, bindigar Baba dai ba ta zuwa Amurka.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Shekara biyu na yi ina ɗaure maka hannun nan da tsumma in za a ci abinci," in ji ta. "Kakarka ce ta ce a yi, kada ka girma a yi mana gori. Shi mai gidan bai ma sani ba, kullum yana daji. Hannu muka ɗaure. Wa ya san abin har da ido?"

Na ce ba komai, Inna, ai ya wuce.

"Matso da takardar nan in gani da kyau."

Na matsar da ita har ta cika fuskar wayar. Na ji tana ƙirga hujin a hankali, ɗaya, biyu, har biyar. Da na sauke takardar sai na ga ni take kallo, ido cikin ido.

"Ashe kana da ido," in ji ta. "Da mai gidan ya gani, da ya faɗa da bakinsa."