Akuyar da Na Ƙi Karɓa

Ni dai ban ga abin da Jimrau ya fi ni da shi ba, kuma har gobe ina faɗi. Shekara huɗu na yi a makarantar Littafi Mai Tsarki. Shi kuwa gyaran amalanke ya iya, can bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro, in ya tashi karanta aya sai ya sa yatsa yana bin baƙi ɗaya-ɗaya kamar ɗan lakwal, yaron ajin farko. Rana ɗaya dattawan ikilisiyarmu suka aike mu, ni arewacin gari, shi kudu, kowa ya tara masu sujada a zaurensa. Suka ce bayan shekara biyar za su dawo, zauren da bai yi rai ba a rufe shi, mai shi ya koma ƙarƙashin ɗan'uwansa. Na ce a raina, ashe na samu mai share mini daɓe.

A wata na biyu wani makiyayi mai suna Abarci, mutumin wajen Tagriss, ya yi sallama a ƙofata janye da jar akuya. Ya ce, "Malam, na ji kai baƙo ne, ko kaza ba ka da ita. Ga habbanaye." Wato aro: ka riƙe uwar har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar masa da abarsa. Na dube shi, na dubi takalmina da na goge da safe. Ni da aka aiko kiwon rayuka za a miƙa wa igiyar akuya? Na ce na gode, ba ni da lokaci. Ya juya da akuyarsa. Ban san cewa a wurinsu mai ƙin habbanaye zumunci ya ƙi ba.

Da ya kai wa Jimrau kuwa, hannu biyu ya sa ya karɓa.

Daga nan duk ranar kasuwa Abarci na gidan Jimrau duba akuya. A dafa shayi, in lokacin salla ya yi Jimrau ya shimfiɗa masa tabarma. Abarci bai bar addininsa ba, Jimrau bai taɓa matsa masa ba. Amma duk Kiristan da Abarci ya gamu da shi, a bakin rijiya ko a kan hanya, ko mushen lakwal, wato malamin da aka turo koyarwa ƙauye, sai ya ce, "Akwai wani naku a Dakoro, mutum ne, ka je." Haka suka riƙa zuwa, ɗaya yau, biyu bayan damina.

Ni fa? Benci takwas na sa aka yi, har da lasifika. Masu zama a kai, matata Saratu, 'ya'yanmu uku, sai wani tsoho da ba ya ji. In na wuce ta kudu ranar Lahadi na ga takalma jibge a ƙofar Jimrau, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Na yi kishi, ban ɓoye ba, har addu'ar da nake yi masa ba ta wuce maƙogwarona. Abin da ya ƙarasa ni, Saratu ta fara zuwa karɓo wa autanmu nonon akuya, ta kuma riƙa daɗewa.

Na same shi yana ɗaura taya, na ce, "Kai Jimrau, da akuya ake tara jama'ar Ubangiji?"

Ya ce, "Fasto, ni ban tara kowa ba. Ciyawa nake yankowa, Mai aikin yana aikinsa."

Kai! Da ma zagina ya yi.

Da dattawa suka dawo, ko ƙirga ba su yi ba. Aka rufe nawa. Bencina takwas a amalanken Jimrau aka kwashe su, ina tsaye.

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofata da igiya a hannu, wata 'yar jar akuya tana turjewa a bayansa, jikar waccan da na ƙi. Ya ce, "Fasto, habbanaye."

Bakina har ya buɗe zai ce na gode, ba ni da lokaci. Saratu ta yi gyaran murya a bayana. Na miƙa hannu, biyun duka.

Akuyar tana nan ɗaure a zauren da aka rufe, ko ciki ba ta ɗauka ba tukuna. Kowace safiya ni ke fita yanko mata ciyawa, kuma duk ranar kasuwa Jimrau yana zuwa duba ta, ni ke dafa masa shayi.