Kujerar da Aka Ba Ƙawata

Shekarar da jam'iyyar da ta ci zaɓe ta ce kowace mazaɓa ta ba da mace ɗaya a kwamitin ƙaramar hukuma, ni aka fara ambata a Gada Biyu. Ni ke tara matan unguwa in famfo ya ƙafe, ni ke magana gaban manya ba inda-inda. Har na fara tunanin kayan da zan sa.

Sai sakataren jam'iyya ya ce in kawo takardar shaidar 'yar asalin jiha. Ba ni da ita. Kakana haƙar kuza ta kawo shi, a Jos aka binne shi, nan aka haifi babana. Sakatare ya saurare ni tsaf, ya ce, "Duk na ji, Hajiya. Amma asali fa?"

Aka ba ƙawata kujerar. Tela ce kamar ni, shagunanmu na jere a Terminus kafin kasuwa ta ƙone. Kirista ce, iyayenta manoman acca ne a bayan duwatsu. Ita ko taro ba ta son zuwa.

Ta zo gidana da atamfa, ta ce da irin Hausarta, "'Yar'uwa, ke ne za ki ɗinka mini. Kuma ki koya mini abin da zan faɗa."

Na ɗinka, ɗinkin ya yi kyau. Jawabin kuwa rabi na koya mata, na riƙe masu daɗin a cikina.

Ranar rantsuwa mota guda ta zo daga ƙauyensu, da ganguna. Wata tsohuwa ta kama hannunta, ta yi ta magana da yarensu har ƙawata ta fashe da kuka. Nan abin ya fi ci mini rai, har na manta da kujerar. Ni wa zai ciko mota domina? Sau ɗaya na je garin kakana can ƙasar Kano, suka yi ta dariyar Hausata, suna kirana 'yar Jos.

Ban tsaya cin abincin bikin rantsuwar ba.

Bayan wata biyu, muna cikin keke-napep za mu kasuwar Katako, na ce mata, "Kin san haushinki nake ji?"

Ta ce, "Na sani mana. Tun ranan."

Ta gyara zama, ta ce gobe akwai mitin kan magudanar ruwa, me za ta ce musu? Sai da muka wuce gada, sannan na faɗa mata abin da za ta ce.