Koren Keke Mai Kwando

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana zaune a rumfarsa daura da ƙofar jami'a, da famfo da sifana da robar ruwan neman huda. Ɗalibai na ce masa Mai Faci. A da, idan gari ya waye, ba ka jin komai a titin nan sai ƙararrawar kekuna. Da hukuma ta hana hawan keke a kansa don a bar wa motoci fili, ɗalibai suka riƙa fitowa duk Asabar, kusan su ɗari biyu, suna tafe a jere a hankali, dole motoci su bi bayansu.

Asabar ta shida 'yan sanda suka tare su. Mahayan suka watse, aka kwashe kekunan. Jami'a ta ce duk ɗalibin da aka sami kekensa a ciki korarre ne. Autar Mai Faci kuwa saura wata biyu ta gama, ga koren kekenta mai kwando a hannun 'yan sanda, da lambarta ta ɗaliba a ƙarƙashin sirdi.

Litinin da safe ya sa rigarsa ta kirki ya tafi caji ofis.

"Ranka ya daɗe, ni na hau wannan ranar. Yarinyar tana ɗaki tana karatu."

Sajan ya dube shi daga hula har takalmi. "Kai, Baba, da furfurar nan? To, hau ka kai bakin ƙofa, sai in rubuta sunanka maimakon nata."

Mai Faci ya san keke kamar yunwar cikinsa, amma bai taɓa hawa ba. Gwajinsa kullum a kife ne: ya kifar da keken, ya juya feda da hannu, ya kasa kunne. Da aka fito da koren keken ya ɗora ƙafa, bai yi taku uku ba ya sha ƙasa. Ya tashi, ya sake. Karo na uku wandonsa ya yage, jini ya fito.

"Yau faci ya koma gwiwa," in ji wani kurtu.

"Ya isa, Baba," in ji Sajan.

"Sau ɗaya, ɗana. Sirdin ne ya yi mini ƙasa. A ba ni sifana kawai."

Sajan ya matso kusa da keken. Ya duƙa, ya leƙa ƙarƙashin sirdin, ya fara kwafe lambar a takarda. Mai Faci na riƙe da kan keken da hannu biyu, yana ta cewa sau ɗaya.