Tsohuwa Mai Zakara Durgu

A layin masu kaji na kasuwar Batsari, wata tsohuwa tana zaune kan buhu, mayafinta duk ya koɗe, ta rungume zakara ɗaya kamar jariri. Durgu ne, irin kajin nan masu gajerun ƙafafu da ƙirjinsu ke kusan share ƙasa, waɗanda kajin gidan gona suka kora daga gidaje. Busasshiyar lakar silifas ɗinta ta nuna daga nesa take, ƙila Yasore. Wa ya sani ko a akurkinta kaɗai suka rage.

Wani mai gashin kaji ya tsaya yana latsa zakaran.

"Iya, nawa? Ko da yake ba wani nama."

Ta buge hannunsa.

"Wa ya ce maka na yanka ne? Musanye na zo yi. Kajina duk 'ya'yansa ne, kar iri ya lalace. Durgun wani gida nake nema."

"Ba za ki samu ba, Iya. Irin nan ya ƙare."

Ta gyara zama, tana ba zakaran gero a tafin hannunta.

"Ya ƙare? To wannan da ka taɓa fatalwa ce?"